Gwangwanin Madara da Tankin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba hawa motar kasuwa tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun ya san warin da nake nufi. Tun ba a gama lodi ba yake tarbar mutum. Ranar Talata da sassafe, lokacin da motoci daga Gidan Goga da sauran garuruwan Maradun ke haramar kasuwar Mafara, sai ka ga mata sun ja gefen mayafi sun toshe hanci, wani dattijo ya jefa ɓarin goro a baki don kada zuciyarsa ta tashi, wata kuma tana riƙe da lemun tsami tana shinshina. Kafin a kai rabin hanya, yaron da ke kan cinya ya fara amai. In ka yi ƙorafi, direba ko waiwayowa ba zai yi ba: "Malam, haƙuri za ka yi, tsohuwar mota ce." Fasinjoji ma su taya shi, kamar tsufa ya ba mota izinin wari.

Tsufa yana da nasa alamu, ban musa ba. Yana kawo ƙugin giya, da shan baƙin mai, da ƙofar da sai an ɗaure ta da igiya. Amma warin fetur ba ya cikinsu. Fetur ɗin da hancinka ya ji, fetur ne da ya bar inda aka ajiye shi, kuma akwai kafar da ya bi. Peugeot 504, wadda masana'antar PAN da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1975 ta riƙa haɗawa har wajen 2005, ita ce motar da sarakuna da manyan ma'aikata suka shiga da manyan riguna, kuma ba wanda ya sauko yana warin gidan mai. Golf 3 da ta cika hanyoyinmu yanzu, ƙirar Jamus ta tsakanin 1991 da 1997, ta ma fi ta tsauri a wannan fanni. Abin da ya lalace a tsakani sau da yawa ƙaramin abu ne, wani siririn tiyo da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, wanda masu mota da yawa ba su ma san da zamansa ba.

In kana son gane aikin wannan tiyo, zauna a bencin mai shayi ka lura da hannunsa. In zai fasa sabon gwangwanin madarar Peak, yakan goge samansa da tsumma, ya ɗora tsinin wuƙa a bakin gefe, ya buga da tafin hannu. Sai ya juya gwangwanin ya sake bugawa a ɗaya gefen, daidai saitin hudar farko. Ba wanda ya karantar da shi kimiyya. Ya dai san in huda ɗaya ce, madarar za ta ɗiso sau biyu ko uku ta tsaya cak, in ya girgiza kuma ta yi tsartuwa ta ɓata masa tebur. Huda ta biyu ta iska ce. Duk cokalin madarar da ya fita ya bar gurbi a ciki, in iska ba ta samu hanyar shiga ta cike gurbin ba, sauran madarar ba za ta fito ba ko da za a kwana ana karkatawa.

Ci gaba da kallonsa. In zai zuba, hudar iska ce a sama, kullum. In yaronsa ya yi garaje ya karkata gwangwanin ta gefe, madara ta biyo hudojin duka biyu ta gangaro masa a yatsu, maigida ya harare shi. In gwangwani ya jima a ajiye, madara ta bushe ta liƙe ƙaramar hudar, sai ya ɗauki tsinken ashana ya zungure ta. Amma ba za ka taɓa ganin ya faɗaɗa ta ta zama ƙofa don gudun toshewa ba, domin ƙuda da ƙura da kiyashi suna nan suna jira.

Tankin mota ma haka yake, huda biyu gare shi. Ta farko ita ce tiyon da famfo ke jan mai ta cikinsa zuwa inji. Ta biyu ita ce ta numfashi. A motocin da, wasu a jikin murfin tanki aka yi ta, 'yar kafa kamar ta allura, wasu kuma siririn tiyo ne da ke tashi daga saman tanki ya fita ta ƙarƙashin bodi. Mai babur ya duba murfin tankinsa zai ga irinta, haka manomin da ke da injin ban-ruwa a filayen Bakolori.

Inda tanki ya fi gwangwani rikici shi ne madara tana zaune lafiya, fetur kuwa ba ya zama. Haɗin sinadarai ne masu yawa, kuma masu sauƙin cikinsu suna tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa a wannan yanki yakan haura 40, balle tankin ƙarfe da ke rataye dab da kwalta, ga salansa a gefe tana gasa shi. Ke nan tanki yana buƙatar jan iska in mai yana raguwa, yana kuma buƙatar fitar da tururi in rana ta take. Shi kansa ruwan fetur ɗin kumbura yake yi: duk ƙarin digiri ɗaya, yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu. A ce ka cika tankin lita 55 da man da ya fito da sanyinsa daga rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, ka faka a rana ya ƙara digiri 15. Kusan kashi huɗu cikin biyar na lita ne zai nemi wurin zama. Masu ƙera tanki sun san da haka, shi ya sa suke barin fili a can sama wanda mai ba ya kaiwa. Mu kuma sai direba ya sa yaran mota su jijjiga ta a gaban famfo, a ƙara, a sake jijjigawa, har mai ya leƙo baki. Filin da aka bari ya cike. Ƙarin da ya yi murnar samu, kwalta ce za ta sha shi kafin ya fita gari.

Da farko Turawa ma iska suke sakar wa wannan tururi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara hana haka a 1970, sauran ƙasar ta bi a 1971, Turai kuma sai farkon shekarun 1990. Dabarar da aka fito da ita mai sauƙi ce: maimakon tiyon numfashi ya ƙare a sarari, sai aka kai shi cikin wata 'yar tukunyar roba cike da gawayi na musamman. Gawayin yana kama tururin ya riƙe, in inji ya tashi sai ya zuƙe shi ya ƙona. A irin waɗannan motoci murfin tanki rufe yake ruf, numfashin duka ta tukunyar gawayi yake bi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai sayen murfi a kasuwa, inda ake zaɓa da ido, wanda ya shiga ya ɗauru shi ke nan. In ka sa murfi marar kafa a tankin da ta murfi yake numfashi, ka shaƙe shi. In ka sa mai kafa a tankin da ke da tukunyar gawayi, ka buɗe wa wari hanya.

Shaƙewar ita ta fi cin kuɗin mutane, domin ba ta da wari, kuma tana kama da kowace irin cuta ta inji. Na ga irinta a wani garejin gindin bishiya a Mafara. Wani matashin direba ne aka taya shi turo akori-kurarsa, ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Baba, wagga mota ta kai ni bango. Kabureta munka wanke, famfo munka canza, filogi sabbi na sa. In ta yi tahiya kaɗan sai ta kama shessheƙa ta mutu. In na bar ta ta huta, ta tashi awa ba ita ba."

Tsohon bakaniken ko bonet bai ɗaga ba.

"Yaushe ta mutu?"

"Yanzun ga, Baba, nan bakin kwana."

"To zo ka buɗe murhin tanki, sannu a hankali, ka kawo kunne."

Murfin na juyawa aka ji fuuu, tanki ya ja iska, har ƙarfensa ya yi 'yar ƙara yana komawa yadda yake. Tsohon ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya laluba saman tanki, ya zaro bakin wani siririn tiyo. A toshe yake da busasshiyar jar laka, an shafe ta sumul kamar da hannu. Ginin zanzaro ne. Ya sa guntun waya ya fasa, ga 'yan tsutsotsin da zanzaron ya tara a ciki, ya cire tiyon ya busa har iska ta fita ta ɗaya bakin, ya mayar.

"Famfonka na da lahiya lau yake, in ba ka yar ba," in ji shi.

Abin da ke faruwa a nan daidai yake da na madara mai huda ɗaya. Famfo yana jan mai, iska ba ta shiga, har ta kai ƙarfinsa ya kasa. In an tsaya, iska ta silalo ta wasu ƙananan kafofi, mota ta sake tashi, shi ya sa ake cewa "in ta huta tana tashi" a ɗora laifin a kan zafin inji. A motar da ke da famfon lantarki mai ƙarfi, tankin ma yana iya lotsewa ciki, ka ga tankin da aka san shi da lita 50 ya ƙi cin 40. Ba zanzaro kaɗai ke toshewa ba. Taɓon damina yana yi, tsatsa tana yi, buhun da aka danne tiyo da shi yana yi. Amma wanda ya fi yawa hannun mutum ne. Mai mota ya kawo kukan wari, yaron gareji ya ga tiyo yana lilo yana ɗigar mai, sai ya cusa masa ƙusa ko noti ya ɗaure da waya. Wari ya ɗauke, kowa ya yi murna, bayan kwana biyu mota ta fara mutuwa a hanya.

Daga nan sai a koma ɗaya kuskuren, an gudu gara an faɗa gidan zago. Direba ya gano in ya sassauta murfi mota ba ta mutuwa, sai ya bar shi a sassauce, ko ya sa ƙusa ya ɓula shi. In murfin ya faɗi a hanya kuma, tsumma ne zai maye gurbinsa, ko totuwar masara da aka naɗe da leda. Tsumma kuwa lagwani ne, yana tsotso mai daga ciki yana miƙa wa iska dare da rana. A kowace kwana mai ya fantsamo ya wanke gefen mota, shi ya sa za ka ga fentin ƙasan bakin tanki ya koɗe, ƙura ta manne ta yi baƙi. Ta wannan ƙofa kuma ƙurar burji da ruwan sama suke shiga, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya fara cin ƙarfe.

Gyaran gaskiya shi ne a mayar da hudar iska yadda mai shayi ke riƙe da tasa: ƙarama, a buɗe, a sama. Tiyon ya tashi daga ƙololuwar tanki, inda iska ke taruwa. Daga nan ya hau, ya yi ta hawa har ya kai tsayin bakin da ake zuba mai, in da hali ya ɗara, sannan ya lanƙwaso ya sauko, bakinsa yana kallon ƙasa, a wajen bodi. Hawan nan shi ne kan aikin. Mai shayi shi ke zaɓar gefen da zai karkata gwangwaninsa, tanki kuwa hanya ce ke karkata shi yadda ta ga dama: a kwana, a gangara, a gargada, ko in an faka ƙafa biyu a kan tudu. In tiyon bai yi tsayin da mai ba zai iya haurawa ba, da zarar ya cika ya fara zuba, zai yi ta janyo na baya, kamar yadda ɗan bumburutu ke zuƙo mai daga jarka.

Kada kuma a bari tiyon ya yi ciki a tsakiya. Duk inda ya lotsa, mai zai kwanta a wurin ya tare hanya, tururi ya taru a baya, in ya yi ƙarfi ya tofo man waje gaba ɗaya. A ɗaure shi da kilif a jikin bodi yadda duk abin da ya hau zai gangara ya koma tanki. Inda ya ratsa ƙarfe a sa masa roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa kaifin ƙarfen ya yanka shi cikin 'yan watanni.

Inda bakinsa zai ƙare ma abin dubawa ne sosai. Kada ya ƙare cikin but, kada ya ƙare kusa da salansa, kada ya sauka can ƙasa inda zai nutse in an tsallaka ruwa da damina, domin tanki mai jan iska zai ja ruwa. A motoci masu ƙofar baya, irin J5 da Golf mai dogon baya, a nisanta shi da wannan ƙofa. Iskar bayan mota mai gudu juyawa take yi tana dawowa, in robar ƙofar ta yage sai ta turo tururin ciki. Wannan ne dalilin abin da ke ba fasinja mamaki, a sauke gilashin gaba don a sha iska amma wari ya ƙaru: buɗe gilashin yana sa cikin mota ya riƙa zuƙo iska daga baya. Wata dabara mai arha da ta dace da hanyoyinmu ita ce a maƙala ƙaramar filtar mai, irin ta babur, a bakin tiyon. Iska za ta wuce, ƙura ta tsaya, zanzaro ya nemi wani wurin.

Akwai wani tiyo na daban da ake rikita shi da wannan. Ya fi kauri, yana tashi daga saman tanki ya koma wuyan da ake zuba mai. Aikinsa fitar da iska a lokacin da ake cikawa. In ya lanƙwashe, shi ne za ka ga mai yana tofowa waje a gidan mai, sai an riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana jira. In ya tsage, wari sai ranar da aka cika tanki.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da bakanike na ƙwarai ke fara yi, wato yaushe ake jin warin. In sai an cika tanki ne, ya kuma ɗauke bayan an ci 'yan kilomitoci, to matsalar a sama take: robar wuyan tanki, ko robar da ke ƙarƙashin murfin ma'aunin mai, ko tsatsar da ta huda saman tanki inda taɓo ke kwanciya ya daɗe da danshi. In a kwana ne ko a gargada, murfi ne ko tiyon numfashi. In bayan an kashe inji da zafinsa ne, a duba kabureta, wataƙila allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa. In kullum ne, ko tanki cike ko saura kaɗan, yoyo ne a ƙasa ko a tiyon da ke kai mai gaba. A mota mai famfon da inji ke bugawa, a zaro sandar gwajin baƙin mai a shinshina. In tana warin fetur, ko baƙin man yana ƙaruwa maimakon raguwa, fatar cikin famfon ta yage, mai yana zuba cikin inji, kuma wannan ba ya jiran gobe. Ƙurar ƙasarmu ma tana taimako. Kada a wanke ƙarƙashin mota kafin a duba, domin duk inda mai ke tsattsafowa, jar ƙura takan yi duhu a wurin ta zana taswirarsa. Da tocila ake dubawa, ba da ashana ko laita ba, kuma ba wasa nake yi da na faɗi haka ba.

Sai maganar irin tiyon da ake sawa. Farin tiyon da magina ke gwada daidaiton gini da shi, da tiyon ruwa, har da na ƙarin ruwan asibiti, duk ana ganinsu a jikin motoci. Ranar farko suna aiki. Fetur yana tsotse abin da ke sa su laushi, su ƙandare, su tsage a daidai bakin da aka cusa su. Tiyon mai baƙi ne, mai zare a cikin naman robar, kuma da kilif ake ɗaure shi, domin waya yanka take yi. Ko na gaskiyar ma yana tsufa: lanƙwasa shi ka gani, in ƙananan tsagu sun buɗe a bayansa, ya gama. Shi kansa man da muke saye ba kullum yake da kirki ba. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, abin da ya jawo dogayen layuka a ƙasar nan. Metanol yana cin tsohuwar roba. Wanda kuma ke saye a kwalba a bakin hanya, shi da mai sayarwar duka ba su san hannu nawa man ya bi ba.

Golf 3 tana da nata labarin. Da injekta ta zo, amma da yawa an mayar da su kabureta saboda sauƙin gyara a ƙauye, kuma ban ga laifin wannan ba. Laifin yana ga abin da ake bari a baya. Tukunyar gawayi ta zama marainiya, tiyonta ko a toshe shi ko a bar shi yana huci kusa da inji, inda iskar da ke shiga wurin fasinja ke wucewa. Famfon lantarkin da ke cikin tanki kuma yana turo mai da ƙarfin da ya ninka buƙatar kabureta sau da yawa. In ba a rage ƙarfin ba, ko ba a bar hanyar da rarar mai zai koma tanki ba, kabureta za ta yi ta ambaliya. Wanda ya cire tukunyar gawayi, wajibinsa ne ya fitar wa tanki da sabuwar hanyar numfashi irin ta motocin da.

Ban cika ɗora wa kanikawa laifi ba. Mai mota yana biyan kuɗin abin da zai sa ta tashi ne kawai, wari kuwa bai taɓa hana mota tashi ba. Amma lissafin ya sauya. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba; cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai lita biyu a kwana guda. Direban da ke faɗa da ɗan kamasho a kan canjin naira ɗari, ya duba abin da ke zuba ƙarƙashinsa yana barci. Ga kuma kayan mutane. Shinkafar Bakura, garin kwaki, man shanu, nono, duk suna ɗaukar warin fetur, kuma mai saye a kasuwa da hanci yake fara ciniki.

Lafiya ma tana ciki. Ciwon kai da jiri da fasinja ke ji na sa'a ɗaya, direba da yaron mota a cikinsa suke wuni. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini. Tururin kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi ya kwanta a but da ƙarƙashin kujeru. In ya kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A motar da ake tayarwa da haɗa waya biyu, kan batir kuma sai an buga masa dutse, tartsatsi ba baƙo ba ne.

Mafi muni a duk wannan shi ne galan a cikin mota. Kashi biyu ne. Akwai na guzuri, wanda halin da ake ciki ya koya wa mutane. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin jihar a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita sayar da shi ga gidajen man Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, duk don a yanke wa 'yan bindiga hanyar samu. Direban gari irin Gidan Goga, wanda ba hedikwata ba, a wancan lokaci dole ya cika tanki har wuya duk sa'ad da ya samu, kuma tsoron tsayawa a daji ba mai ya sa ɗabi'ar ɓoye ɗan galan a ƙarƙashin kujera ta zauna. Ba wanda ya san hanyoyin nan da zai yi masa dariya. Sai dai galan ɗin man gyaɗa ba a yi shi don fetur ba, murfinsa ba ya riƙe tururi, in ya riƙe kuma kumbura yake yi. In dole ne a ɗauka, a bar masa fili a sama, a ɗaure shi a tsaye a wajen inda mutane suke, a inuwa, nesa da batir.

Kashi na biyu ba shi da uzuri. Tanki ya yi tsatsa ko ya huje, sai a watsar da shi, a ajiye galan a gaban kujerar mai zaman banza, a zura tiyo ta bakinsa zuwa inji, a cusa leda a gefe. Yanzu hudar numfashin tana tsakanin ƙafafun fasinja. Babu wata hanyar bi da tiyo da za ta gyara wannan, sai an mayar da tanki. A sauke shi, a wanke, a duba. Goga sabulu a kan tsaga yana kai mutum gari, domin fetur ba ya narkar da sabulu, amma ruwan farko da aka tsallaka zai wanke shi. In tsatsa ta ci wuri mai faɗi, tankin wata motar da aka yanka ya fi faci. In walda za a yi, a sani tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin a cikin wanda ba mai ne tururi da iska suke haɗuwa daidai yadda wuta ke so, kuma tsatsa da lungunan ciki suna riƙe mai ko bayan kwanaki a rana. A wanke shi da ruwa da omo har sau da yawa, a cire murfi da ma'aunin mai, a cika shi da ruwa har dab da wurin da za a ɗinke, sannan mai walda ya kunna wutarsa.